Duwatsun da Na Ƙi Cirewa Daga Jirgin Saratu

Shekaranjiya ina zaune a rumfata a tashar jirgin Yelwa ina wasa gizago, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku samarin da ke wuni a gindin mangwaro kuna shafa waya, yana ce wa abokinsa wai idan aikin lodi ya ƙi, zai koma ƙirar jirgi, tunda katako ne da ƙusa.  Mutumin da bai taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba, me zan ce masa? Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin sana'ar nan yadda take.

Ni ne Bawa kafintan jirgi. A wurin wani Banufe na koya, ana ce masa Baba Ndagi, Allah ya jiƙansa. Shekara biyun farko ban taɓa katako ba sai dai in ɗauka in ajiye. Aikina miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, da tsefe auduga, da dafa kwalta a gwangwani har hayaƙinta ya zama shi ne warin jikina. Inna ta kan ce tun daga bakin zaure take sanin na dawo. Ku kuwa da an sa ku miƙe ƙusa na wuni ɗaya, kafin la'asar kun ce ana bautar da ku.

Facin farko da aka bar ni na yi, na ƙaramin jirgin wani masunci ne daga Shanga. Tsaga ce da ba ta kai tsawon hannu ba. Na cusa auduga, na shafe da kwalta, na rufe da fallen gwangwani, na jera ƙusoshi kamar haƙora, na koma gefe ina jiran yabo. Baba Ndagi ya zo ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa, ya saurara, ya ɗauki ƙarfe ya ɓamɓare duka.  Na sake, ya sake ɓamɓarewa. A karo na uku ne ya nuna mini cewa tsagar da nake gani ba a nan ta ƙare ba, ta bi ta cikin katakon ta tafi kusan taƙi guda inda ido ba ya gani. Da kunne ake jin ta. Katako mai lafiya yana amsa guduma da murya ɗaya, mai ciwo da wata. Sai da na shekara biyar kafin kunnena ya buɗe.

Haka maganar zaɓen katako. Maɗaci da kawo su ne na ruwa. Akwai wani farin katako mai araha da ake kawowa yanzu, in an shafa masa fenti sai ka rantse jirgin sarki ne, damina biyu ya zama kamar burodi. Kafintocin da suka fito jiya suna son sa ƙwarai, don zarto ba ya shan wahala a kansa, su ma ba sa sha. Lanƙwasa katakon goshin jirgi kuwa, sai an jiƙa shi an gasa a wuta a hankali, ana dannawa ana saurare. Ka yi gaggawa ya karye, ka yi sanyin jiki ya ƙone.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Masunci ba ya ba ni wahala, domin shi zai kwana a cikin jirgin, da hannunsa yake shafa kowace gaɓa kafin ya karɓa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai jiragen haya da bai taɓa riƙe filafili ba. Zai zo da babbar riga, ya tsaya nesa da taɓo, tambayarsa ɗaya ce: wane launi za a shafa, kuma sunansa zai fito da girma a gefe? Ba ya tambayar ƙasan jirgi, tunda ba ƙafarsa za ta taka ba.

Akwai abu ɗaya da duk wanda ya ce katako ne da ƙusa bai sani ba. Jirgin da aka gama ƙerawa bai gamu ba tukuna. Busasshen katako, ko ka matse shi yaya, akwai 'yar kafa tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ruwa ne ke rufe ta. Sai a ja jirgin bakin gaɓa, a cika shi da ruwa, a ɗora masa duwatsu ya nutse gaba ɗaya har bakinsa ya ɓace. Katakon ya sha ya kumbura, ya matse audugar da ke tsakani. Dokar Baba Ndagi kwana bakwai ce, ko sabo ko wanda aka sake wa katakon ƙasa. Ban taɓa ganin ya rage ko rabin wuni ba, ko da mai jirgin ya yi birgima a gabansa.

Ni na rage. Sau ɗaya, kuma ga yadda aka yi.

Wani Alhaji mai jiragen haya, ba zan faɗi sunansa ba, ya sa na ƙera masa babban jirgi na inji, irin mai ɗaukar buhuna da babura da mutane. Katako mai kyau na sa, ban yi ha'inci ko na ƙusa ɗaya ba. Muka nutsar da shi. A kwana na biyu sai ga Alhajin da yaransa.

Ya ce, "Malam Bawa, gobe kasuwa ta, shinkahwa ta zo ba jirgi. A hidda min jirgin ga."

Na ce, "Alhaji, kwana biyu yay yi. Saura biyar."

Ya yi dariya ya ce, "Katako shina ƙirga kwana? Ruwa dai ruwa na. Can ma ba cikin ruwa za shi tahi ba? Shi ƙarasa sha bisa hanya." Sai ya rage murya ya ƙara da cewa akwai wasu jirage biyu da yake so a ƙera masa kafin rani, yana tunanin wa zai ba.

Na san amsar maganarsa. Jirgin da ke shawagi, ƙasansa kawai ke cikin ruwa. Katakan sama suna nan a bushe, sai an danna shi da kaya ruwa ya hau su, ya tarar da kafofinsu a buɗe. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma na faɗa sau ɗaya, a hankali, yadda ba zai ji haushi ba, na ce a raina wataƙila ba komai. Da hannuna na cire duwatsun.

Kashegari da yamma, a hanyar dawowa, iska ta taso a tsakiyar tafki. Jirgin yana cike har baki. Ruwa ya shiga ta gefe biyu fiye da yadda masu kwarfa za su iya. An ceto wasu, wasu ba a ceto su ba. Ba zan ƙirga muku su ba.

Kafin a gama binne mutane, Alhajin ya riga ya gaya wa duk tasha cewa ruɓaɓɓen katako na sa masa. Yaransa da suka taya ni ɗaga duwatsu suka zama kurame. Mutane kuwa suka yarda, domin mai jirage biyar ya fi mai gizago ɗaya daɗin yarda. Ni ma ban buɗe baki ba. Me zan ce? In ce katakon lafiyarsa lau, ni ne dai na fitar da shi ɗanye?

Wannan ita ce muguwar shekarata. Mutanen da suka shekara ashirin suna shan furata a rumfar nan suka gano wata sabuwar hanya ta bayan masu kifi. A masallaci sai in ga sahu ya yi mini faɗi ta hagu da dama. Na koma gyaran ƙofa da benci a cikin gari, nan ma wani mai shayi ya ce a gaban jama'a a gwada bencin tukuna kar ya nutse da mutane, aka yi ta dariya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na tsani kaina fiye da yadda suka tsane ni. Zartona ya yi tsatsa a rataye.

Aka shiga watan Kirsimeti. Kun san yadda tashar nan take zama: 'yan kasuwa daga Kudu suna ɗaure kwalayen bandar kifi, masu tafiya gida suna neman jirgi, kowane mai jirgi yana son a yi masa faci da gaggawa. Lokacin cin abincin kafinta ke nan. Sauran rumfuna guduma ba ta tsayawa, har masu farin katako da fenti ana bin su layi. Ni ina zaune ina korar ƙuda.

Saura kwana tara Kirsimeti, da hantsi, na hango wata mace da wani namiji suna tafe cikin ruwa iya gwiwa, suna jan wani tsohon jirgin kamun kifi da igiya ta bakin gaɓa. Suka wuce rumfa ta farko, suka wuce ta biyu. Na ce waɗannan baƙi ne, yanzu wani zai tare su. Ba wanda ya tare su har suka tsaya a gabana.

Matar ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Na ce, "Ina kika ga aikin? Baiwar Allah, kin san ko ni wa na?"

Ta ce, "Na sani. Kai na Bawa. Ni sunana Saratu, matar Yohanna, wanda yat tahi cikin jirgin nan naka. Wanga ƙanenai na, Bitrus."

Kambari ne, Kiristoci, suna zaune a wata tunga ƙasa da Yelwa kaɗan. Na miƙe tsaye, don na ɗauka zagi ta kawo, kuma na ga ya kamata in karɓe shi a tsaye. Sai ta nuna jirgin. Na mijinta ne. Katako biyu na ƙasa sun ruɓe, abin da ya sa ma ya shiga jirgin haya ran nan ke nan. Ya riga ya sayi maɗaci biyu ya jingine a bayan ɗaki, bai kai ga gyaran ba. Ga su nan ta kawo a cikin jirgin.

Na ce, "Akwai kafintoci huɗu tashag ga. Don mi sai ni?"

Bitrus ya ce, "Ni ma abin da nit tambaye ta ke nan." Bai ko dube ni ba.

Ta ce, "Ran Lahadi fasto yac ce kowa shi nemi wanda za shi yi ma alheri kahin Kirsimeti. Na koma na duba ɗakina, ba shinkahwa ta kyauta, ba zane. Abin da nike da shi aiki na, kuma duk garin ga ban ga wanda aiki yaƙ ƙaurace ma kama taka ba." Sannan ta ce, "Tun da munka binne shi ban tashi da sahe da wani abin da nike son yi ba. Yau na tashi."

Na sha ganin masu rabon shinkafa a lokacin biki, na Kirsimeti da na Sallah, buhu ɗaya mutum goma suna riƙe da shi ana ɗaukar hoto. Ban taɓa ganin wanda ya yi kyauta da ruɓaɓɓen jirgi ba, kuma ban taɓa karɓar kyautar da ta kai shi ba.

Sharaɗinta ɗaya. Kabarin Yohanna da cocin danginsa suna tsallake, a ƙauyensu. Uwarsa, tsohuwa, ta rantse ba za ta sake sa ƙafa a jirgin haya ba, sai na ɗanta. Suna so safiyar Kirsimeti su haye da ita da yara. Na ƙirga da yatsa: aikin kwana biyu, nutsarwa bakwai, zai cika daidai safiyar. Na ce mata za a samu.

Na kife jirgin na fara ɓamɓarar katakan. Na farko ya fita, na biyu ya fita. Ina ƙwanƙwasa na ukun da ke kusa da su, sai na ji muryar da ba na so. Daga waje lafiyarsa lau, Bitrus ma ya ce in bar shi. Na soka ƙarfe ya shige kamar a kabewa. Ba ta da katako na uku, ni ma ba ni da shi, sai teburin aikina, wanda maɗaci ne tsoho. Na kwance shi, na fere, na gasa, na lanƙwasa. Wannan ya ci mini wuni guda cur. Da muka nutsar da jirgin muka ɗora duwatsu, na gaya wa Saratu gaskiya: kwana bakwai ba za su cika ba sai kashegarin Kirsimeti. Ta dube ni ta ce, "Mu gani." Na san irin wannan mu gani ɗin.

Safiyar Kirsimeti suka zo dukansu. Yara uku cikin sababbin kaya, Saratu da tukunya a ka, tsohuwar tana dogara sanda, Bitrus a gaba yana naɗe ƙafar wando. Tasha cike da mutane, kuma kun san mutanen tasha, ba sa barin kallo ya wuce su.

Bitrus ya ce, "Kafinta, zo mu hidda duwatsu."

Na ce, "Sai gobe."

Ya ce, "Kwana shida da kwana bakwai, mi ab bambanci? Yau aka Kirsimeti, ba gobe ba. Tsohuwag ga tun asuba take shiri."

Bari in gaya muku abin da ban gaya masa ba. Maɗaci ya kwana shida a ruwa, jirgi ƙarami, tafki kwance babu iska. Wataƙila da sun haye lafiya. Kusan na tabbata. Amma na taɓa aiki da wataƙila sau ɗaya.

Ya shiga ruwa zai ɗaga dutsen farko. Na riga shi. Da rigata da komai na shiga, na hau kan duwatsun na zauna, ruwa iya ƙirji, sanyinsa har cikin haƙori. Wasu suka fara dariya. Wani ya ce kafinta ya haukace, wani ya ce dama.

Bitrus ya ɗaga murya, "Ka kashe man wa, yanzu kuma za ka hana uwatai ta ga kabarinai?"

Sai na faɗi abin da na wata huɗu ina haɗiyewa. Na faɗa da ƙarfi yadda har masu kifi suka ji. Na ce katakon wancan jirgi ba ruɓaɓɓe ba ne. Kwana biyu ya yi a ruwa aka ce in fitar, na san bai sha ba, na fitar don ina kwaɗayin wani aiki. Na ce, "Da hannun ga nic cire duwatsun. Ku kira ni abin da kuka so. Amma waɗanga, sai dai ku ɗaga ni tare da su."

Dariyar ta tsaya. Bitrus ya tsaya cikin ruwa yana huci, na ɗauka duka zai kawo, kuma da ya kawo ba zan kare ba.

Saratu ta sauke tukunyarta. Kar ku ɗauka ta yi murmushi ta ce Allah ya yi mini albarka. Ranta a ɓace yake, idonta ya yi ja. Ta ce, "Na kawo maka aiki, ka hana ni Kirsimeti." Sannan ta juya ga ƙanen mijinta ta ce, "Hito, Bitrus. Da yay yi wanga taurin kai wancan karo, da Yohanna na nan shina cin shinkahwag ga."

Ba wanda ya taɓa gaya mini magana mai zafin wannan, kuma gaskiya ce tsantsa.

Ba su tafi gida ba. Suka shimfiɗa zane a bakin ruwa kusa da rumfata, suka fuskanci tsallake, suka yi addu'arsu, suka rera waƙoƙinsu da harshensu. Saratu ta buɗe tukunya ta zuba wa kowa. Ta zuba kwano ɗaya ta kawo ta ajiye a bakin rumfa inda nake rawar sanyi, ta ce naman akuya ne kuma Musulmi ne ya yanka, in ci. Na ci. Tsohuwar dai ba ta ci ba, ba ta yi waƙa ba, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Idonta yana kan tsallake har suka tashi.

Kashegari da sassafe muka cire duwatsu, ni da Bitrus. Muka kwarfe ruwan, na goge cikin da tsumma gaɓa-gaɓa, muka bar rana ta hau shi har hantsi. Mutanen jiya duk sun dawo, har da ƙari.

Tsohuwar ce ta fara shiga. Ta ƙi a riƙe ta. Yara suka shiga, Saratu da Bitrus suka shiga da kayansu, jirgin ya zauna cikin ruwa da nauyinsa. Ba ta ce a tafi ba. Ta sa aka jira, aka yi ta jira. Sannan ta sunkuya ta bi gaɓar sabon katakon da tafin hannu tun daga goshi har inda hannunta ya kai, ta ɗaga tafin sama ta nuna wa mutanen tasha. Babu ɗigon ruwa.

Ina tsaye a gaɓa da igiya a hannu zan sake su. A lokacin ne ta dube ni.

Ta ce, "Kai ma shigo."

Na ce, "Inna, ni?"

Ta ce, "Kai. Abin da kag gaya ma mutane jiya, ba su suka bukatar ji nai ba. Taho ka gaya ma Yohanna."

Na naɗe igiyar, na shiga, Bitrus ya miƙo mini filafili.